Jirgin Ƙasa Mai Tayar Doya

A duk faɗin garin Lafiya, daga tashar jirgin ƙasa har bakin kasuwa, ba a taɓa haihuwar injiniya kamata ba. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na ƙera jirgin ƙasa mai tarago ashirin da ɗaya, wanda in kansa yana ƙofar gidanmu, wutsiyarsa sai mutum ya hau mota zuwa Obi kafin ya gan ta. Ranar da ya fara tashi, kajin unguwarmu sun yi kwana uku ba su dawo gida ba.

To, da yake waɗanda suka ga abin ba duka suka mutu ba, bari in ɗan rage. Tsawon jirgin daga bakin zaurenmu ne zuwa famfon unguwa, taki goma sha biyu na babban mutum. Kuma ba ni na ƙera shi ba. Abokina ne, ɗan wani mutumin ƙabilar Tibi, ma'aikacin reluwe da ke haya a bayan gidanmu, a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin. Shi Allah ya ba hannu. In ya ɗauki gwangwanin kifi da ƙusa da dutse, kafin ka je ka sha ruwa ka dawo ya zama tarago, har da ƙofa mai buɗewa. Ni kuwa duk abin da na haɗa da hannuna, in ya kai la'asar bai wargaje ba, to babu wanda ya taɓa shi ne.

Abin da aka ba ni ido ne. In na dubi abu, ba shi nake gani ba, abin da zai iya zama nake gani. Murfin tukunyar Inna sitiyari ne. Rariyarta tagar jirgi ce. Zaren da Baba ke ɗinki da shi, don tela ne a kasuwa, wayar tangaraho ce da aka naɗe bisa kuskure. Haka muka raba aiki: ni ke kawo kaya, abokina ke ƙerawa, ni ke shan duka.

Matsalarmu ɗaya ce, taya. Tarago ɗaya taya huɗu yake ci, tsohuwar silifa kuwa, ko ka iya yanka, taya uku take bayarwa. Muka share bolar unguwa tas, har babu matacciyar silifa ko ɗaya daga gidanmu zuwa layin dogo. Daga nan na fara duban masu rai ina ganin alamun mutuwa a jikinsu. Ta ƙarshe ita ce ƙafar hagu ta silifar alwalar Baba. Abin da ya biyo baya ba na littafi ba ne. Tun daga ranar kowa a gidanmu da takalminsa yake shiga ɗaki. Muka gwada marfin kwalba, yana ta rawa kamar mashayi. Muka gwada karan dawa, yana marmashewa. Jirgi ya tsaya a tarago huɗu.

Ana cikin haka ne kwandon Kaka ya shigo labarin.

Kaka shi ne mahaifin Inna, Bagwandare ne, manomin doya a Adogi. Dangin Baba daga Kano suka gangaro tun kafin a haife shi, mutanen allura da almakashi, waɗanda doya a wurinsu abu ce da ake samu a kwano. Kaka kuwa in ka cire doya daga hirarsa, gaisuwa ce kawai za ta rage. A ranin shekarar nan wasu masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, iska ta juya, wutar ta cinye rumfar da yake ajiye doyarsa a gona, ta ci da ta iri gaba ɗaya. Abin da ya tsira guda goma sha bakwai ne, ƙananan iri da ya ware a kwando ya kai gida kwana biyu kafin gobarar.

Ba kowace doya ba ce. Wata iri ce da ubansa ya taso da ita daga tsohon garinsu, tana da suna da Gwandaranci wanda har yau in na faɗa sai 'yan'uwan Inna sun yi dariya. Gajera ce, baƙa, ba ta da kyan gani, 'yan kasuwa masu lodi zuwa kudu ba sa sonta. Saboda haka kowa a ƙauyen ya koma wa doguwar da ake saye, sai Kaka kaɗai ya rage yana shukata. Ya ce sakwararta in ka ci da safe, sai la'asar za ka tuna kana da ciki. Waɗannan goma sha bakwai ɗin su ne ƙarshenta, iyakar saninsa, a duniya.

Ya ɗaure kwandon a bayan keke ya kawo gidanmu. Hujjarsa ita ce ɗakunan ƙauye na ciyawa ne, wuta ta riga ta san hanya. Namu kuwa da rufin kwano, da daɓen siminti, da ƙofa mai kwaɗo. Aka ajiye shi a ɗan ɗakin da ke jikin zaure, aka lulluɓe da busasshiyar ciyawa, aka rataye makulli a ƙusa. A gabana aka rataye.

“Ɗan birni,” in ji shi. Haka yake kirana. Hausar Kaka ba ta raba mace da namiji, kowa da komai “shi” ne. “Ka ga wannan kwando? In ka taɓa shi, ni da kai ne.”

Na leƙa. Ƙanana ne, sun yamutse, an bulbule su da toka, kowace ta fito da ɗan tsiro a ka.

“Wa zai taɓa wannan?” na ce. “Ko an dafa ba mai ci. Doya kamar ƙafar tsoho.”

“Ƙafar tsohon nan ya je neman auren kakarka. Kai kana ina lokacin?”

“Da ina nan ai da ba ta kalle ka ba.”

“Da wane wandon?”

Inna na jinmu tana tankaɗe, ba ta sa baki ba. Wasan jika da kaka ba a shiga.

Wata biyu kwandon na nan, ban tuna da shi ba. Sai da aka ba mu hutun makaranta, zafi ya kai intaha, mangwaro ya nuna, jirginmu kuma yana zaune babu taya. Wata rana Inna ta aike ni ɗakin in ɗauko mata tabarma. Na ɗaga ciyawar nan don ganin ido kawai. Sai na ga abin da ban gani ba ranar farko. Kowace doya mulmulalliya ce, kaurinta daidai bakin gwangwanin madara. Ba doya goma sha bakwai na gani ba. Tayoyi na gani an jera, ba a dai raba su ba tukuna.

Kada a ce ban yi tunani ba. Na yi, har ya yi yawa. Na taɓa zuwa Adogi lokacin shuka, na ga Kaka da idona yana ɗaukar babbar doya ya datsa ta gida uku ko huɗu, ya shafa wa kowane yanki toka, ya binne a kunya. Ke nan yanka ba ya kashe doya, shi kansa yankawa yake yi. In na yanka masa, aiki na rage masa. Mu yi wasa da su kwana biyu, mu mayar. Aro ne. Duk wani alƙali mai adalci da ya saurare ni a ranar, da ya sallame ni.

Na ɗauki guda ɗaya da wuƙar Inna na zaga bayan gida. Kan da ke da tsiro ba shi da siffa, wutsiyar kuma ta yi tsini, sai na datse su. Tsakiyar ta ba ni taya shida cif. Kai da wutsiyar kuwa, don kada a gan su a yi tambaya, na jefa su masai. Har na yaba wa kaina da tsafta.

Abokina ya juya tayar a hannu, ya shinshina.

“Wannan doya na wane ne?”

“Ta kakana ce.”

“Ya ba ka?”

“Zai ba ni.”

Ya huda tsakiyar da ƙusa, ya zira tsinken tsintsiya, ya gangara ta a kan daɓe. Ta tafi sumul, ba ƙara, ba rawa, har sai da ta daki bango.

“Ni ban ga komai ba o,” in ji shi. “Ni injiniya ne kawai. Akwai saura?”

Ban taɓa ganin taya kamar ta doya ba, har da na motocin da na hau daga baya. Tana da nauyin da ke riƙe tarago a ƙasa, ɓawonta kuma kamar zanen tayar gaske. Aibinta ɗaya: rana na shanye ta, ramin tsakiya ya buɗe, bayan kwana uku ta fara ɗingishi, sai an sake wata. Kashegari na ɗauko biyu. Washegarinsa uku. Duk wadda na cire sai in sa dutse a gurbinta in mayar da ciyawa, kwando na nan da tsayinsa.

Kafin mako ya cika unguwa ta taru a kanmu. Yaran ƙabilar Alago na gidan kusa da famfo suka kawo gwangwanaye. 'Yan mata suka kawo 'yan tsanarsu a matsayin fasinja. Kuɗin jirgi mangwaro ne, nunanne zuwa Kafanchan, ɗanye zuwa Makurɗi, don ta fi kusa. Bakin zaurenmu shi ne tashar Lafiya. Kwatar da ke fitowa daga gidan maƙwabta ita ce Binuwai, muka ɗora mata katako ya zama gada. Ni ne direba, ni ne mai usur, ni ne mai tikiti, ni ne kuma mai cin tikitin.

A kan gadar nan muke faɗa da abokina kullum. Shi so yake jirgi ya ƙetare lafiya, ya kai tasha, ya juyo, ya sake ƙetarewa lafiya, har abada. Ni kuwa bayan ƙetarewa ta uku sai in ji barci. Sai in fizgi zare daidai tsakiyar gada. Taragu su hau kan juna, fasinja su zube a Binuwai, 'yan mata su sa kururuwa, wani ya zama ɗan sanda, wata ta zama nas, wani ya kwanta ya mutu ba wanda ya sa shi. Abokina ya zauna a gefe kamar zai yi kuka.

“Kai mugu ne,” yake cewa. “Ni na yi, kai ka ɓata.”

Amma ga abin da na lura da shi, kuma ba don in wanke kaina ba. Duk wani abin kirki da ke jikin jirgin nan, bayan haɗari aka yi shi. Da taragu suka tsinke, ya ƙirƙiro ƙugiyar waya da ke haɗa su. Da suka kife a kwana, ya faɗaɗa tsakanin tayoyi. Da kan jirgi ya faɗa kwata, ya yi wa gada shinge a gefe da gefe. In na bar shi lafiya, abu ɗaya yake maimaitawa har magariba. In na wargaza, sai ya zauna ya ciji leɓe, ya fito da abin da shi kansa bai san yana cikin kansa ba. Yanzu da nake da furfura, in na shiga gida na tarar yara sun juya falo ya koma kasuwa, nakan tsaya in duba me suke ginawa kafin in yi tsawa. Tsawar dai ina yi. Yaro a cikin wasa bai san akwai abin da ake kira ɓarna ba. Shi a wurinsa kaya ne kawai ba su gama zama abin da za su zama ba. Wahalar ita ce kowane kaya da mai shi.

Kwana tara muka yi. A rana ta takwas na ɗauko biyun ƙarshe, don na ga barin guda biyu a cikin duwatsu zai fi jawo zargi. Har yau ban gane wannan lissafin ba, amma a lokacin ya zauna daram. A rana ta tara jirgi ya cika tarago ashirin da ɗaya.

Da azahar ɗin ranar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso da ƙanshin ƙasa, aka kece da ruwan farko na shekara. Muka kwashe jirgi zuwa zaure, muka fita muna tsalle a cikin ruwa. Na shigo gida jiƙe sharkaf ina dariya, na tarar da Inna tana tara ruwa a baho. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

“Kai,” ta ce, “ka share ɗakin zaure. Tunda ruwa ya sauka, gobe da sassafe kakanka zai zo ɗaukar irinsa.”

Akwai irin sanyin da ba na ruwa ba. Shi na ji.

Abokina da na gaya masa, ya tuna uwarsa na nemansa. Sai da na riƙe masa riga. Muka zauna a zaure muka zare tayoyi tamanin da huɗu, muka haɗa da tsofaffin da muka iya tsintowa. Shawarar tawa ce, aikin nasa. Muka riƙa jera taya shida shida a tsinken tsintsiya, muna matse su. Muka kwaɓa jar ƙasa muka yi wa kowace kai da wutsiya, muka shafe tsagogin, muka bulbule da toka daga murhun Inna. Har tsiro ya yi musu da ɗan guntun kara. Wallahi ko a kasuwar doya aka baje su, sai an taya. Muka kwashe duwatsu, muka jera su a kwando, muka rufe da ciyawa. Kafin kiran magariba na ma fara jin cewa babu abin da ya faru.

Da hantsi Kaka ya iso, kekensa duk taɓo. Ya gaisa da Inna, ya sha ruwa, ya dube ni.

“Ɗan birni, ka rame. Ba sa ba ka abinci ne?”

Ban rama ba. Daga nan ya kamata ya gane.

Ya fito da kwandon tsakar gida, ya tsuguna, ya yaye ciyawa. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki guda ɗaya, ya auna ta a tafin hannu. Sai ya riƙe kan da hannu ɗaya, ya murɗa jikin da ɗayan. Doyar ta juya gida shida, kowane yanki da nasa gudun. Kan ƙasar ya ɓare. Taya ɗaya ta zame ta faɗi, ta gangara tsakar gida, sumul, ba ƙara, ba rawa, har ƙarƙashin turmi. Dole in faɗi gaskiya, ko a lokacin sai da na ji daɗin yadda ta tafi.

Inna ta saki salati, ta zari muciya.

“Baba,” ta ce da Kaka, “ku bar ni da shi. Yau sai na ga abin da ke cikin kan yaron nan.”

“In ka dake shi, doya zai tsiro?” in ji Kaka, bai ɗago ba. “In zai tsiro, ba ni muciyan in fara.”

Ya warware su duka, ɗaya bayan ɗaya, yana kakkaɓe ƙasa yana jerawa a kan buhu. Sannan ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kamar mai tambayar hanya.

“To, ka yanka. Ba komai, ana yanka doya. Kawo kawunan.”

“Waɗanne kawuna?”

“Kan doya. Inda tsiro yake. Goma sha bakwai. In akwai kai, ba a yi asara ba. Ina ka ajiye?”

A ranar na san cewa ran doya a kanta yake, abin da kowane yaron Adogi ya sani tun kafin ya iya ɗaura wando. Na ajiye abin da ba shi da amfani, na yi masa kwalliya, na zubar da mai amfanin. Na nuna bayan gida da hannu. Kaka ya bi hannuna da ido har ƙofar masai. Ya kalli ƙofar nan kamar akwai wanda zai fito daga ciki ya ba shi haƙuri.

Ya koma kan buhu ya fara tsinta. Wadda ta bushe ta ƙandare, gefe. Wadda ƙasa ta cinye mata ɓawo, gefe. Wadda ta fara baƙi a rami, gefe. Ya ce doya in ba ta da kai, daga ɓawo take neman hanyar fita, in ta ga dama. Waɗanda suka rage da ɓawo da ɗan danshi, yawancinsu na kwanakin ƙarshe, guda arba'in da ɗaya ne. Ya shafa wa kowace toka, har cikin ramin da ƙusa ta huda.

“Ɗauko rigarka,” ya ce da ni. “Hutu bai ƙare ba.”

Baba da aka aika masa kasuwa, abin da ya ce shi ne a tafi da ni, kuma a duba ko almakashinsa na nan.

A Adogi Kaka bai kai tayoyin kunya ba, ya ce ƙasa mai yawa za ta danne su. Ya gyara ɗan fili a gindin wata ɗorawa kusa da rafi, ya jera su a kwance kamar ana shanya, ya yayyafa ƙasa, ya rufe da ciyawa. Aikina in ɗebo ruwa safe da yamma duk ranar da ba a yi ruwan sama ba. Tulun ya fi ni wayo, rabin ruwan a jikina yake ƙarewa. Wani maƙwabcinsa ya ba shi irin doguwar doyar kasuwa don kada gona ta kwana banza. Ya karɓa, ya yi godiya, ya shuka ta kamar mai cika aikin wani.

Labari kuwa ya riga mu isa. Duk wanda ya biyo ta hanyar rafi sai ya tsaya.

“Tsoho, sannu da aiki. Mun ji bana mota ka shuka.”

“In ya nuna a rage mana hanya zuwa Lafiya.”

“Wannan ne direban?”

Kaka yakan amsa sannun, ya bar sauran. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma ya daina tsokanata. Ba zagi, ba ɗan birni, ba zancen wando. “Kawo ruwa.” “Zo ci abinci.” Kakan da ya daina zaginka, ka rasa inda za ka sa kanka. Kullum da asuba, kafin ya tafi babbar gona, sai ya tsuguna gindin ɗorawar nan ya ɗaga ciyawa a hankali da yatsa ɗaya, ya duba, ya mayar. Wani lokaci yakan tono guda ya ga ta ruɓe, ya jefar da ita rafi, ya goge hannu a riga.

Mako uku babu komai. Ranar da ya rage kwana biyu a koma makaranta, ina zuba ruwa na ga wani abu ja-ja kamar kan allura ya huda ƙasa. Na yi ihun da na tabbata an ji har ƙauyen Azuba. Kaka ya zo bai yi sauri ba, ya tsuguna, ya daɗe.

“Matsa,” ya ce. “Inuwarka ma ban yarda da shi ba.”

Zagin farko ke nan cikin mako uku. Na ji kamar an ba ni riga.

Na koma gari. Abin da ya biyo baya a bakin Inna na riƙa ji, in ta dawo daga ganin gida. Goma sha ɗaya suka tsiro. Ya mayar da su ƙananan kunyoyi a bayan ɗakinsa, inda zai gan su daga ƙofa, ya kafa wa kowace sanda. Biyu suka bushe. Gara ta ci ɗaya. Ɗaya ta yi ganye har ta fi kowa, ashe a ƙasa ba ta ajiye komai ba. Jirginmu kuwa bai sake tashi ba. Abokina ya koma ƙera motocin waya, shi kaɗai, in ya hango ni ya shige gida da su.

Da kaka ta yi, ganye ya bushe, aka aiko in je a tona da ni. Kaka bai yarda an sa fartanya ba, da tsinken itace da yatsu ya tona. Ɗaya bayan ɗaya suka fito, baƙaƙe, gajeru, babbar cikinsu kamar dunƙulen hannuna, ƙaramar kamar ƙwan zabo. Bakwai. Babu ta ci ko ɗaya, duk iri ne, sai an sake shekara kafin a yi zancen sakwara. Amma ita ce, ba wata ba. Ya shinshina guda, ya kankare ɓawon da farce ya duba launin cikin, ya gyaɗa kai. Kowace da kanta lafiyayye. Ya jera su a kwando, ya yayyafa toka, ya kai ɗakinsa ya tura ƙarƙashin gadon da yake kwana.

Da na ga fuskarsa ta saki, sai bakina ya dawo. Muna zaune a inuwa, maƙwabta biyu sun zo gani, na gyara murya.

“Kaka, ka dai gode mini. Shekara nawa kana noma, ka taɓa sanin doya na tsirowa daga taya? Ba don ni ba, da har ka mutu ba ka sani ba. Ni na gano wannan dabarar. Nan gaba duk ƙasar nan haka za a riƙa shuka.”

Maƙwabtan suka yi dariya. Kaka ya gama goge toka daga yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Da akuya ne ya shiga ɗakin nan,” ya ce, “da ya bar mini fiye da bakwai. Kuma da Sallah mu yanka shi.”